Akwatin da Ke Jin Kukan Jikana

Da hadari ya haɗo ranar, na yi abin da na saba yi. Na tashi daga kan keken ɗinki, na bi gida ɗaki-ɗaki ina cire filogi. Firji, talabijin, dutsen guga, cajar waya. Tsawa ta taɓa ƙone wa maƙwabcinmu kayan wutarsa kaf a kan idona, kuma tun daga nan ba na jin rugugin sama in zauna lafiya. Yarana har suna suka sa mini, wai Baba Cire-Cire.

A ɗakin 'yata Auta na ga wani farin akwati a kan tebur, bai fi sabulun wanka girma ba, wata 'yar fitila shuɗiya tana ta ƙiftawa a goshinsa da sauri. Na bi wayarsa har bango na zare. Fitilar ta mutu.

Ina juyowa Auta ta shigo da kofin shayi a hannu. Ta kalli hannuna, ta kalli tebur.

"Baba! Me ka cire?"

"Filogi mana. Ba ki ji sama ba?"

Ta dire kofin har shayin ya fantsama. Ta fizge filogin ta mayar. Shiru. Ta cire ta sake sakawa. Ta ɗauko tsinken ashana ta danna wani ɗan rami a bayan akwatin, ta riƙe, ta riƙe. Babu shuɗi, babu ja, babu komai.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Baba, ka kashe akwatin Yaya."

Yayar da take nufi ita ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta Mamana. Kurma ce tun haihuwa. Ta auri wani direban tirela, yaro mai hankali, wanda ya koyi maganar hannu saboda ita har ya fi ni iyawa. Allah Ya ba su ɗa namiji, kuma tun da aka sallamo ta daga asibiti tana wurinmu. Wannan akwati mijin ne ya sayo tun tana da ciki. Aikinsa shi ne ya saurara. Idan jariri ya yi kuka, sai ya kunna fitilun gida suna walƙiya, kuma wata munduwar roba da Mamana ke ɗaurawa a hannu ta kama rawa. Ko barci take, sai ta farka.

Matsalar ita ce kamfanin da ya ƙera shi ya rufe, kuma akwatin ba ya aiki sai ya yi magana da kamfanin ta intanet. Auta, wadda ke karatun gyaran kayan lantarki a kwaleji, ta samo wata manhaja da za ta sa ya tsaya da ƙafarsa, ba ruwansa da kowa. Tana cikin zuba masa ita na shigo. An riga an goge tsohuwar, sabuwar ba ta gama shiga ba. Da ta yi mini bayani, na gane ta hanyar sana'ata: an farke wa mutum riga a jikinsa, an fara ɗinka sabuwa, sai wani ya zo ya ɗauke keken.

Kuma ranar ce Hajiya, uwar mijin, za ta zo da yamma. Washegari ɗanta zai kama hanya, Mamana kuma ta koma ɗakinta. Hajiya ba muguwa ba ce, tsoro ne da ita, kuma ni na fi kowa sanin yadda tsoro yake sa mutum. Ta ce ba za ta bar jikanta ya kwana da uwar da ba ta jin kukansa ba. Sai dai in ta ga abin nan yana aiki da idonta. In ba haka ba, duk lokacin da ɗanta ya yi tafiya yaron zai riƙa kwana a gidanta, a kawo wa uwar da safe. Ranar da mijin ya faɗa wa Mamana wannan magana, sai ta tashi ta kwashe kayan jaririn da aka riga aka wanke, ta sake wanke su.

Ba a ɓoye wa Mamana abu, fuska take karantawa. Ta leƙo da yaron a kafaɗa, ta kalle mu, ta ɗaga haɓa tana tambaya. Na nuna ƙirjina, na yi alamar zare filogi. Ta dubi akwatin na ɗan lokaci. Sai na ga hannunta ya ƙara matse bayan yaron.

Maman yara tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. "Malam," ta ce, "wata rana mu ma za ka same mu a jikin bango ka cire."

Ba wanda ya yi dariya, har ita.

"A sayo wani," na ce.

"A ina, Baba? Kamfanin ya mutu na ce maka. Kuma munduwar da wannan kaɗai take magana."

"Masu gyara fa?"

Ta nuna mini taga. Ruwa ya riga ya kece, titinmu ya koma rafi, wani bokitin maƙwabta yana tafiya a kai shi kaɗai.

Auta ta zauna ta rufe fuska da tafin hannu. Can sai ta sauke su, ta jawo akwatin ta kifa shi. Ta ɓanɓare 'yan robobin ƙafarsa, ashe ƙananan kusoshi ne a ɓoye a ƙarƙashi. Ta kwance su ta zuba a murfin kwalba. Ni da na zaci zan ga tarin wayoyi da injuna, sai ga wani ɗan faranti kore kawai, da wani baƙin abu a tsakiya kamar farcen ɗan yatsa.

"Wannan ne duka?"

"Wannan ne ƙwaƙwalwar," ta ce. "Malaminmu ya ce irin waɗannan ba sa mutuwa gaba ɗaya. Akwai wani ɗan lungu a ciki da aka rubuta tun a masana'anta, ba ya goguwa. Ba ya iya komai, sai buɗe ƙofa. Kamar mai gadi. In gida ya ƙone, shi yana nan a bakin get."

"To ki yi masa magana."

"Ta nan ake yi masa magana."

Ta haska da tocilan waya. Sai da na sa tabarau na gan su: ɗigo biyar masu ruwan zinariya a gefen farantin, a jere, kowanne bai wuce ƙwayar riɗi ba. Biyu na wuta ne, ɗaya bakinsa, ɗaya kunnensa, na biyar kuma shi ake taɓawa don a tashi mai gadin. Dole a haɗa waya da kowanne zuwa kwamfuta.

Ta ɗauko ƙarfen da take narka dalma da shi, ta kai bakinsa kusa da ɗigon ba tare da ta kunna ba. Bakin ƙarfen ya rufe uku a lokaci guda. 

"Ba zan iya ba," ta ce. "A makaranta da siririn baki muke yi, ƙarƙashin madubi. In na ƙona ɗaya ya ɗago, shi ke nan, har mai gadin mun rasa."

Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Ban san lantarki ba, amma na san ƙananan abubuwa da ke jere.

"Dole sai an narka? Ko taɓawa kawai ake so?"

"Taɓawa kawai. Amma kada ta motsa ko kaɗan."

Na koma shago, wanda ɗakin gaba ne na gidan, na ɗauko fakitin allurar hannu sabo da wani tsohon silifa. Na yanko robar silifan murabba'i. Auta ta ɗora siririyar takarda a kan farantin ta goga fensir har ɗigon suka fito, na manna takardar a kan robar, na soka allura huɗu daidai inda alamar take, bakinsu ya ɗan leƙo ta ƙasa. Ita kuma ta fere wayoyinta, ta fito da siraran zaren tagulla. Shawarata ita ce a zura su ta hancin allura a murɗe, kamar zare.

Na gwada, na kasa. Idona ya tafi, yanzu ko zaren keke sai na yi ta lalube. Mamana ta miƙa wa mamanta yaron, ta ture ni da kafaɗa ta zauna. Tun tana ƙarama ita ke zura mini zare. Ta lashi bakin tagullar don sabo, ta yamutsa fuska saboda ɗanɗanon, ta zura huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ba ta kuskure ba.

Na kifa robar a kan farantin na danna da yatsu biyu. Mamana ta riƙe tocila. Auta ta soka ɗaya ƙarshen a kwamfutarta, wadda ke aiki da batirinta, ta buɗe wani baƙin allo.

Babu komai.

"Danna sosai, Baba."

"Na danna."

"Ka ɗan karkata hagu. A'a, hagunka."

Allon yana nan baƙi ƙirin. Maman yara ta fara salati ƙasa-ƙasa tana jijjiga yaron. Auta ta bi wayoyin da yatsa ɗaya-ɗaya, sai ta bugi goshinta.

"Kai, ni ma dai! Baki da baki na haɗa, kunne da kunne. Bakinsa ya kamata ya tafi kunnen kwamfuta."

"Ashe ba ni kaɗai ba ne gwani a gidan nan," na ce.

"Baba, kar ka sa ni dariya, hannunka zai motsa."

Ta sauya biyun. Nan take allon ya cika da wasu tarkacen alamu, kamar kaji sun bi ta kan tawada. Na ce a raina mun ƙarasa lalata shi. Amma Auta ta miƙe tsaye.

"Yana magana! Sauri ne bai zo ɗaya ba, shi yana gudu, kwamfuta tana tafiya. Tsaya."

Ta canza wata lamba. Tarkacen suka ɓace. Sai ga rubutu sosai, fararen haruffa a jere, layi yana bin layi. Ya rubuta kaɗan, ya tsaya, ya sake rubuta irinsu, ya tsaya, ya sake.

 Abin nan yana ƙarƙashin yatsuna, ba fitila, ba ƙara, ba ɗumi, kamar dutse. Ga shi kuma yana zance.

"Me yake cewa?"

Auta ta matsa kusa da allon. "Cewa yake: na farka. Na duba inda aikina yake, ban same shi cikakke ba. Zan kwanta in sake farkawa." Ta nuna ƙasa. "Ga shi ya sake. Ga shi kuma."

"Tun yaushe yake faɗin haka?"

"Duk lokacin da muka ba shi wuta. Tun ɗazu da nake ta saka filogi ina cirewa, abin da yake ta faɗa ke nan. Mu ne ba mu da abin ji."

 Na ɗaga ido na kalli wadda ke riƙe da tocila. Na tuna ranar da na tsaya a bayanta tana rarrafe, na saki faranti a ƙasa, ba ta waiwayo ba. Na ɗauki shekaru ina zaton shiru ne kawai a cikin yarinyar nan, sai da wata malama ta zaunar da mu ta koya mana maganar hannu, muka tarar da surutu cike da ita, har da tsiwa. Mamana ta ga ina kallonta, ta harare ni, ta nuna mini allurar da haɓa: ka kula da aikinka.

"Saura mai gadi," in ji Auta. Ta ba ni allura ta biyar da waya a hancinta. "Da ɗaya hannun. Ka taɓa ɗigon ƙarshe, in na ce saki, ka saki wannan kaɗai. Sauran huɗun kuwa, Baba, ko gidan nan zai rushe, kar ka ɗaga. In ya yanke a tsakiya, ban san ko zai sake buɗe mana ba."

Na taɓa. Ta yanke wutar ta mayar. Rubutun da ke ta maimaituwa ya tsaya cik. Layi ɗaya ne ya fito, gajere.

"Ya ce yana jira," ta ce. "Saki."

Ta danna maɓalli. Wani layi ya fara tsawo a ƙasan allon, a hankali, kamar ana ɗinkin hannu. Ta waɗannan allurai nawa na ɗinki, da robar silifa, wani abu da ba a gani yana wucewa yana shiga farcen nan baƙi. Na kasa kunne ko zan ji motsinsa a yatsuna. Ban ji komai ba sai bugun jinina.

Layin ya kai kusan rabi lokacin da yatsuna suka fara mutuwa. Gumi ya gangaro ya tsaya a kan tabarau. Sai ɗakin ya yi fari fat da walƙiya, kuma kafin in ja numfashi tsawa ta fashe kamar a kan rufinmu. Maman yara ta yi ihu. Auta ta dafe kunne. Ni kuwa duk jikina ya zabura zai tashi, ƙafata har ta riga ta juya wajen bango, don akwai caja a soket ɗin can da ban cire ba.

Wani hannu ya sauka a kan wuyan hannuna ya danne shi. Mamana ce. Ita kaɗai ce a ɗakin tsawar ba ta taɓa ba. Hasken tocilarta ko girgiza bai yi ba. Ta riƙe ni haka, tafinta da sanyi, idonta a kan allo, kuma ba ta sake ni ba har layin ya kai bango.

Auta ta karanta abin da ya fito, ta sake karantawa. "Ɗaga, Baba."

Yatsuna sun ƙi buɗewa, sai da Mamana ta ɓanɓare su. Auta ta mayar da farantin cikin farin akwatin, ta ɗaure kusoshi, ta miƙo mini filogin.

"Kai za ka saka. Ka saba da wurin."

Na saka. Da farko ba abin da ya faru. Sai 'yar fitilar ta buɗe ido, shuɗiya, ta tsaya cak ba ƙiftawa.

Ruwa ya tsagaita kafin Hajiya ta iso. Ta shigo da lema tana ɗiga, gefen zanenta a jiƙe, da wata babbar jaka da ba komai a ciki. Kowa ya ga jakar, kowa ya san ta kayan wa ce. Aka gaisa, aka tambayi hanya da ruwa. Ta zauna a falo ta ɗora jakar a cinya.

"To, ina abin?"

Auta ta ajiye akwatin kusa da gadon yaron, ta nuna mata batirin da ta haɗa masa saboda ɗaukewar wuta, da fitilar caji da za ta yi walƙiya. Mamana ta ɗaura munduwarta ta tafi kicin, ta ja ƙofa, ta juya mana baya tana wanke kofuna. Ta gilashin ƙofar muna hango ta.

Saura kuka. Yaron nan da ba ya barin kowa ya runtsa, ranar ya ga dama ya yi barci kamar an biya shi. Muka zauna muna kallonsa. Ya motsa baki, muka miƙe, ya ci gaba da barcinsa.

"A ɗan taɓa ƙafarsa," in ji maman yara.

"Wa zai taɓa mini miji yana hutawa?" Hajiya ta ce. "A bar shi."

Da jiran ya yi yawa, na matsa kusa da akwatin na tsuke murya na yi kukan jarirai iyakar iyawata. Fitila ba ta kula ni ba. Na ƙara da ƙarfi. Maman yara ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Kun gani ko," in ji Hajiya. "Ga ƙato yana kuka a kansa bai ji ba, balle ɗan mitsitsin nan."

"Ya ji, Hajiya," Auta ta ce. "Ya san ba jariri ba ne. In da zai tashi don kowace ƙara, ai Yaya ba za ta yi barci ba."

Hajiya ta taɓe baki. Ta buɗe zip ɗin jakar. Ni kuma ban sani ba ko gaskiya Auta ta faɗa, ko kuwa wani abu ne bai shiga daidai ba ta cikin alluran.

Ƙarar zip ɗin ce ta tashe shi. Ya yamutsa fuska, ya yi ja, ya buɗe baki ya saki kukan nan nasa mai tsinin gaske.

Fitilar falo ta ɗauke ta dawo, ta ɗauke ta dawo. Ta kicin ma haka. Ta gilashi muka ga Mamana ta saki kofi a cikin ruwa tun kafin ta ɗaga kai, munduwar da ke hannunta na hagu tana karkarwa. Ta banko ƙofa, tana goge hannu a zane, ta wuce ta gabanmu kamar ba mu nan, ta ɗauke shi.

Hajiya ta kalli fitilar, ta kalli akwatin, ta kalli surukarta. Sai ta miƙa hannu ta nuna munduwar, ta nuna nata hannun. Mamana ta gane. Ta kwance ta ɗaura mata. Yaron bai gama huce fushinsa ba, ya ja numfashi ya sake tsalawa.

Na ga tsohuwar ta zabura. Ta kama wuyan hannunta da ɗaya hannun, ta rufe ido. Ta daɗe a haka, kukan jikanta yana kaɗa mata fata.

"Ikon Allah," ta ce. "Haka take jin sa?"

"Haka take jin sa," na ce.

Ta buɗe ido. Ta kwance munduwar da kanta, ta jawo hannun Mamana, ta ɗaura mata, ta ja maɗaurin ta tabbata ya kama. Ba ta iya maganar hannu ba, don haka ta dafa kan yaron, ta dafa ƙirjin uwar, ta gyaɗa kai. Sannan ta ninke jakar biyu ta cusa a hammata.

"Malam tela," ta ce, "samo mini mota kafin ruwan nan ya dawo."